Azumin da Na Sha Ruwa a Gidan Iya Rifkatu

Kun daɗe kuna min gori a kan azumin nan, musamman ke Sadiya. Ba a taɓa zaman hirar zamanmu na unguwar Cheras, can ƙasar waje, ba sai kin miƙo bayan hannunki kin nuna wa 'ya'yanki tabon mai, kina cewa ga shaidar shekarar da Umma ta gudu ta bar mu da shan ruwa. Da dariya kike faɗa, amma ni na haife ki, na san dariyarki ta gaske, na kuma san wadda kike yi idan abu yana cin ranki. Na yi shiru duk tsawon shekarun nan ne saboda amana aka ba ni. Yanzu mai amanar ta rasu, ɗanta ya bar ƙasar tuni kuma ya yarje min in faɗa, Abbanku da ya san zancen shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Saura ni kaɗai, ga gwiwa tana ciwo, ga mantuwa ta fara leƙo ni, gara in rubuta muku tun kaina yana tare da ni.

A lokacin Abbanku yana koyarwa a jami'a, muna zaune a hawa na tara, yayanku kuma yana can gida wajen kakarku yana karatu. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wani Bature abokin aikin Abbanku, Dakta Daniyel, dogo mai yawan ba da haƙuri, ko kai ka taka shi sai ya riga ka cewa yi haƙuri. Daga Ostireliya ya zo, ba shi da mata, sai tsohuwarsa da ya taho da ita domin ba shi da wanda zai bar wa. Sunanta Rifka. Ni kuwa na yi makaranta da 'yan kudancin Kaduna masu suna Rifkatu, sai kawai na ƙarasa mata sunan, na ɗora Iya a gaba, ya bi ta har ku ma da shi kuka san ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta fi ƙirjina ba, kuma duk zafin garin nan da ke sa mutum wanka sau uku, ita kullum tana cikin rigar sanyi. Ƙamshin albasa ne ya haɗa mu. Duk ranar da nake suya sai in ji ana taɓa ƙofa a hankali, in buɗe in gan ta tsaye tana murmushi. Tun ina zuba mata ɗan kaɗan don kunya, har ya zama da ita nake auna shinkafa.

Kanta ya riga ya fara rikicewa. Wata rana ta san ni sarai, mu yi hira da guntun Turancina na kwalejin horon malamai, wata rana ta dube ni ta yi ta zuba wani yare da ban taɓa jin irinsa ba. Da 'yar Indonesiyar da ke kula da ita ta koma gida, sai Dakta ya zo har falonmu, ya yi ta murza hannu yana ba da haƙuri, ya roƙi in riƙa leƙa ta da rana kafin ya dawo aiki, tunda ni kaɗai take yarda ta buɗe wa ƙofa. A nan ne ya rage murya ya gaya mana cewa su Yahudawa ne, gara mu sani tun yanzu, in ba za mu iya ba babu komai. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada zancen ya fita, domin ya ga yadda fuskar mutane ke sauyawa a garin nan idan an ambaci sunan. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, sai a wa'azi da labarun talabijin, ashe wata uku ina zuba wa ɗaya miyar kuka. Abbanku ne ya riga ni magana, ya ce maƙwabci maƙwabci ne, haƙƙinsa yana wuyanmu ko wane ne shi. Bayan Dakta ya fita ya ce kada in kuskura yara su ji, ya san bakin Mubarak, kafin gobe da azahar duk makarantarsu ta ɗauka.

Haka muka yi ta tafiya lafiya. Da rana in kai mata abinci, in zauna, ta turo min farantin ta ce in ci. Kun san tarbiyyarmu, ba a zuwa gidan mutane a buɗe ciki, balle a gaban babba. Sai in ɗan taɓa loma guda kamar mai jin gishiri, in kurɓi shayi, ita kuma ta cinye nata tas, ta bi farantin da yatsa ta tsince ko ƙwayar shinkafa ba ta bari. Ina lura da cewa ba ta fara ci sai na kai hannu baki, amma na ɗauka ladabin Turawa ne.

Sai azumi ya kama. Ranar farko na yi mata bayani, na nuna mata rana, na nuna bakina, ta gyaɗa kai kamar ta gane. Washegari ta manta, na sake yi. Rana ta uku ga yunwa, ga zafi, ga wake yana jirana a jiƙe, ta turo farantin, sai bakina ya yi abin da ya saba tun ina yarinya. Na dafa ciki na yi murmushi.

"Alhamdulillahi Iya, na ci a gida. Na ƙoshi."

Duk Bahaushe ya faɗi wannan magana sau dubu, ko da yunwa tana neman kayar da shi, kuma ba wanda ke ɗaukarta ƙarya. Ita kuwa sai ta tsaya tana kallona, kallo mai tsawo, har na tsargu na gyara mayafi. Ta ajiye cokali. Ranar ba ta ci ba, na ce ko miyar ce ba ta yi mata ba. Washegari ma haka. Tun daga nan kullum in na koma gida sai in tarar da wani abu a cikin jakata, guntun burodi a naɗe cikin takarda, ko rabin ayaba, wata rana har dunƙulen tuwo a cikin hankicinta. Raina ya ɓaci, na ce tsohuwar nan ta fara mayar min da abincina, in ba ta so ai sai ta faɗa. Na sauya girki, na yi fate, na yi kunun gyaɗa, na aiki Mubarak kedai, wato kanti, ya sayo burodin da take so, duk a banza. Ɗanta ma ya yi lallashin duniya safe da yamma, sai ta karɓa ta ɓoye a aljihun rigar sanyi. Ruwa kaɗai take kurɓa. Kafin mako ya zagayo idanunta sun zurma, zobenta yana zamewa daga yatsa.

Likita ya zo ya duba ta, ya ce in ba ta fara ci ba kafin ƙarshen mako, dole a ɗauke ta zuwa asibiti a sa mata roba ta hanci. Da ya tafi, Dakta Daniyel ya zauna a bakin kujera, babban mutum da furfurarsa, ya rufe fuska da hannu. Ya ce ba robar yake tsoro ba, ɗaukar yake tsoro. Ya ce an taɓa kai ta asibiti a motar marasa lafiya, sai da aka ɗaure ta, kwana biyu tana ihu tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa, kuma ya tabbata in aka sake ba za ta dawo ba. Na ce masa ni dai ban gane laifin abincina ba, na buɗe jaka na nuna masa burodin ranar. Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya tambaye ni me nake ce mata idan ta ce in ci. Da na faɗa masa, sai ya ajiye burodin, ya ce in zauna in ji.

A ranar na ji labarin, rabi daga bakinsa, sauran daga bakinta a hankali cikin kwanakin da suka biyo. Tana 'yar shekara bakwai, a wani ƙaramin gari a ƙasar Polan, lokacin babban yaƙin duniya, soja suka buga musu ƙofa suka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya. Aka loda su a taragon da ake ɗaukar shanu, su da sauran iyalai, aka kulle daga waje, jirgi ya yi ta tafiya makonni har can ƙuryar Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa fiye da rabin shekara. An raba su da ubansu a hanya, ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Aka zuba su a dogayen ɗakunan katako, manya su fita sare itace tun duhu, a ba kowa burodi gwargwadon aikin da ya yi, na yara kuwa ɗan yanki ne da ba ya rufe tafin hannu. Ta ce sun ci ɓawon dankali, sun dafa ciyawa, ƙaninta Yusuf yana tsotsar igiyar takalmi har barci ya ɗauke shi. Uwarsu takan dawo da yamma ta zaro burodi daga cikin rigarta, da ɗumin jikinta a jikinsa, ta yanka shi da zare don kada ko ɓurɓushi ya bi wuƙa, ta raba musu biyu. In suka ce ina nata, sai ta dafa ciki ta yi murmushi, ta ce an ba su a wurin aiki, ta ci, ta ƙoshi. Kullum haka. Ƙafafunta suka kumbura, haƙoranta suka fara zuba, yaran suna murna Mama ta yi ƙiba. Ana gab da fitar sanyi, wata safiya aka buga ƙarfen fita aiki, ba ta tashi ba.

Daga baya wata mata da suke sare itace tare da uwar ta gaya wa Rifka cewa ba a taɓa ba su komai a daji ba. Dakta ya ce duk rayuwarsa uwarsa ba ta taɓa barin kowa ya tashi daga tebur bai ci ba, kuma akwai maganar da take faɗa idan abin ya motsa mata, wai ita ce ta cinye uwarta. A wurinmu wannan magana ta mayu ce, jinta kawai sai da tsigar jikina ta tashi. Ita kuwa tun tana 'yar shekara bakwai take ɗauke da ita, ba wanda ya iya sauke mata.

Na fito na tsaya a barandar da ke tsakanin ƙofofinmu, na kasa shiga gida. Ba Iya kaɗai nake tunani ba. Na tuna shekarar fari a garinmu, ina ƙarama, hatsi ya ƙare a rumbu, Innarmu tana kwashe mana tuwo tana cewa mu ci, ita ta ci nata a madafa. Mukan ji ta tana kankare ƙanzo a gindin tukunya bayan mun kwanta, mu ce Inna dai akwai son ƙanzo. Wallahi sai a barandar nan ta Cheras, ina da 'ya'ya huɗu, na gane abin da Inna take yi. Na yi kuka sosai, har wata 'yar Sin maƙwabciyarmu ta leƙo ta koma.

Dabara ɗaya ce ta rage, kuma ba ta da wuya a faɗa. Iya ba za ta ci ba sai ta ga na ci da idonta, ni kuma ba zan karya azumi ba, to sai dai in sha ruwa a gabanta. Na sami Abbanku na faɗa masa. Kun san shi da shan ruwa, shi ne lokacin da ya fi so a duk shekara, kowa a kan tabarma ɗaya, yana raba dabino da hannunsa yana tsokanar wanda ya fi galabaita. Sai ya tambaye ni.

"Yau kaɗai, ko har sallah?"

"Malam, ban sani ba. Sai yadda ta yi."

"To su yaran fa, me za ki ce musu?"

"In ce tsohuwa ba ta da lafiya. Ai ba ƙarya na yi ba."

Ya ce in je, Allah ya ba da lada, amma in sani ƙosan Sadiya ba ya cika ciki sai dai ya cika baki da mai. Ko a lokacin sai da ya tsokane ki.

Da yamma na ɗauki kunu da dabino da burodi na tsallaka. Hadari ya haɗu kamar kullum, ana ta tsawa. Na zauna kusa da ita, na jira har aka kira salla a ƙaramin masallacin da ke ƙasan gidan. Na yi bismilla na ɗauki dabino, sai ta riƙe hannuna. Ta jawo zare daga bakin rigar sanyinta, ta yanka burodin biyu a tsanake, ta daɗe tana gwada su, sannan ta turo min wanda ya fi girma. Na gutsura na tauna. Sai na ji 'yan yatsunta masu sanyi a maƙogwarona. So take ta ji wucewarsa, kada in ɓoye a kumatu in kai wa yara. Ni da ko a gaban surukata ban taɓa cin abinci ba, ga ni zaune tsohuwa tana riƙe da wuyana tana ƙirga lomata. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma na haɗiye, na sake gutsura, na sake haɗiyewa. Sai da na cinye rabona kaf, sannan ta ɗauki nata da hannu biyu ta fara ci, a hankali, tana tare ɓurɓushin da tafin hannu. Dakta yana tsaye a ƙofar kicin, ya juya mana baya.

Ba a kira motar asibiti ba. Amma da na gwada fashi rana ɗaya, na ce bari in sha ruwa da iyalina, washegari na tarar da abincin jiya a aljihunta. Daga nan na haƙura, kullum ina can. A hankali ta fara yarda da shayi da ɗan biskit da rana, in na rantse mata cewa anjima zan ci. Har ta gane kiran salla, da an fara sai ta ɗaga yatsa ta ce an buga ƙarfena, in zo in karɓi rabona.

Abin da wannan ya jawo min kun san rabinsa. Matanmu Hausawa na unguwar Sentul da muke haɗuwa shan ruwa duk ƙarshen mako suka ga ba na zuwa, aka ce Binta ta zama 'yar aikin Bature, ta sayar da azuminta. Wadda ta fara faɗa na san ta, na kuma san bakin da zan mayar mata da ta yi shekara tana jinya, amma in na buɗe baki sai na faɗi dalili, dalilin kuma ba nawa ba ne. Na haɗiye, kuma ya fi burodin Iya wuyar wucewa. Ikram tana kuka tana riƙe min zani, tana cewa "Umma, makan da mu lah, yau kawai," wato in ci da ku, da guntun yaren garin da ta ɗauko. Mubarak ya daina min magana sai da gunaguni. Ke kuma Sadiya, kina 'yar shekara goma sha huɗu, ki dawo makaranta da azumi a bakinki ki tsaya gaban kasko. Ranar da mai ya fallatsar miki, ina jin ƙararki ta cikin bango. Na miƙe zumbur, yatsun Iya suna wuyana, loma tana bakina, idonta ya cika da tsoro. Na ji muryar Abbanku yana cewa a kawo ruwan sanyi, na san yana kanki. Na koma na zauna na ƙarasa burodin. Da na shigo kin riga kin yi shiru, kika kalle ni kika kau da kai. Ban taɓa cin abin da ya yi min ɗaci kamar burodin ranar ba, kuma har yau in aka mayar da ni wurin ban san ko zan yi dabam ba. Abin da nake so ki sani shi ne na ji ki, ban kuma zauna don ban damu ba.

Ranar sallah, bayan mun dawo idi, na ce yau kowa ya ɗauki kwano, a gidan Iya za mu ci. Kuka bi ni kuna kumbure-kumbure cikin sababbin kaya. Muka shimfiɗa tabarma a falonsu, tuwon shinkafa da miyar taushe da waina, rana tsaka, labule a buɗe. Aka zaunar da ita a kan kujera tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a gindin ƙafarta na ci, ci na gaske, ba na kunya ba, har Abbanku yana cewa a bar wa baƙi. Ta sa hannu a wuyana kamar kullum, amma ba ta daɗe ba ta sauke shi, ta shafa kumatuna, ta yi magana da yaren nan nata. Na dubi Dakta. Da ƙyar ya iya fassara min.

"Cewa ta yi, Mama ta ci."

Sannan ta jawo farantinta ta ci waina biyu da miya, ta sha kunu. Ke ba za ki tuna ba Sadiya, kina can kina fama da bandejin hannunki, amma ke kika miƙa mata ta uku, kuma ke kika soya ta da safen nan. Ta karɓa ta gutsuri rabi, ta tauna, ta ajiye sauran a faranti. Ba ta naɗe shi a hankici ba, ba ta kai shi aljihu ba. Ta ture farantin gaba kaɗan, ta jingina da kujera, ta dafa cikinta.

"Na ƙoshi," in ji ta.

Dakta Daniyel ya tashi ya shiga ɗaki da sauri, kuka yi ta mamaki me aka yi masa. Da yamma ya gaya wa Abbanku cewa ya haura shekara hamsin a duniya, bai taɓa ganin uwarsa ta rage abinci a faranti ba sai ranar. Ni na kwashe kwanukan. Rabin wainar nan taki, na daɗe tsaye a kicin ina riƙe da ita, na rasa inda zan sa ta, daga ƙarshe na yi bismilla na cinye.